Ranar da Ƙarfen Alƙali Ya Huce

Alƙali bai taɓa zama a kotu ba. Aikinsa, har ya ajiye, shi ne neman yoyo a ma'aikatar ruwa: ya bi titi da sandar ƙarfe, ya dafa bakinta a ƙasa, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya ce a haƙa nan. In an haƙa kuwa sai a tarar da bututu a fashe. Kunne dai Allah ya ba shi, wannan ko maƙiyinsa bai musa ba.

Sunan Alƙali a wajen abokan sauraron kiɗa ya samo shi. Wasu dattawa ne da suka ƙoshi suka rasa abin yi, suke haɗuwa ranar Asabar da yamma a falon ɗayansu, wannan mako gidan wane, mako mai zuwa gidan wane. Sai su jera kujeru gaban lasifika biyu, a sa faifai, su lumshe ido suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Akwai Likita, mai cirar haƙori. Akwai Lauya. Akwai Mai Taya, wanda ya yi arziki da sayar da tayoyin manyan motoci. A cikin kujerun ɗaya ce mai daraja, wadda ake dasawa a tsakiya daidai, inda sautin hagu da na dama ke haɗuwa. Ko a gidan wa aka taru, wannan kujera ta Alƙali ce, mai gida ma a gefe yake raɓewa. Daga kanta yake yanke hukunci a kan kayan kowa, kuma ba a ɗaukaka ƙara. A gidansa matarsa ba ta neman shawararsa ko a kan launin labule, 'ya'ya sun watse, ma'aikata ta manta da shi. Kujerar nan kaɗai ta rage masa a duniya inda zai yi magana a yi shiru.

Babban hukuncinsa a kan amfilifaya yake, akwatin nan da ke karɓar siririn sauti daga na'urar faifai ya ba shi ƙarfin da zai motsa lasifika. Ya kafa musu doka: amfilifayar kirki nauyi gare ta, kuma zafi gare ta. Daga dokar aka samu tsarin zama. Kafin a kunna, kowa sai ya tashi ya ɗaga amfilifayar mai gida, ya yi nishi, ya ajiye, ya ce, "Madalla, akwai kaya a ciki." In an kunna ta ɗauki zafi, sai a sake bin layi, kowa ya ɗora tafin hannu a kanta kamar mai duba zazzaɓin jariri. Wadda ta fi ƙona hannu ita ce ta fi daɗin murya. Manyan mutane masu jikoki, da ƙugu da tafin hannu suke auna kiɗa.

Sababbin da suka fito kuwa, waɗanda ake kira aji D, ƙanana marasa nauyi, Alƙali gwangwani yake ce musu. Mai Taya ya taɓa kuskuren sayo ɗaya. Alƙali ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya girgiza ta kusa da kunne, ya tambaye shi ko kifin da ke ciki da mai aka dafa ko da ruwa. Aka yi dariya har Lauya ya ƙware. Ba a ma kunna ta ba. Mai Taya ya mayar da ita kanti, ya sayo wata da sai da ƙarti biyu suka shigo da ita.

Amfilifayar Alƙali suna gare ta, Ƙarfe. Baƙin akwati ne mai faɗin tebur, da fukafukan sanyaya wuta a gefe da gefe masu kaifi kamar haƙoran zarto. To ana cikin makon da zama zai zagayo gidansa, Ƙarfe ya mutu. Da hantsi ne, ana tsakiyar waƙa, ya yi wata ƙara kamar tarin tsoho, hayaƙi ya fito ta ramukan murfinsa, falo ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Matarsa ta leƙo daga kicin, ta dubi hayaƙin, ta dubi mijinta.

"Allah ya ji ƙan rai," ta ce. "Ya dai sha wuta a duniya."

"Ba na son wasa."

"Wa ke wasa, Malam? Ai ni ma na yi rashi. In ana ruwa, a ina zan riƙa shanya safarka?"

Ya nemi mota aka kai Ƙarfe wajen mai gyara. Mai gyara ya buɗe, ya leƙa, ya shinshina, ya mayar da murfi. Ya ce taransifomar ta ƙone ƙurmus, kuma irinta an daina yi tun shi yana koyon aiki. Alƙali ya dawo da gawar gida, ya ajiye ta a mazauninta, ya zauna yana kallonta. In ya ce wa abokan Ƙarfe ya mutu, ta'aziyya za su yi, daga nan a koma gidan Likita. Likita kuwa ya daɗe yana kallon kujerar tsakiya da gefen ido, kuma tasa amfilifayar ita ce ta biyu a nauyi. Alƙalin da ba shi da ƙarfe, da wane baki zai yi hukunci a kan na wasu?

Washegari ya tafi layin masu kayan sauti neman wani ƙarfen. Ya shiga wani dogon kanti mai ƙunci, kwalaye har rufi, wayoyi na lilo daga ƙusa kamar igiyoyin shanya. Mai kantin irin mutanen nan ne da za su sayar wa makaho madubi har ya yi godiya.

"Yallaɓai, mai nauyi ɗaya ta rage mini," ya ce, "kuma gurnani take kamar tsohon firji. Duniya ta koma aji D. Zauna ka ji."

"Ban zo sayen gwangwani ba."

"Ji ai ba saye ba ne. Kujerar ma kyauta ce."

Bayansa na ciwo tun ɗaukar jiya, don haka ya zauna. Mai kanti yana haɗa wayoyi yana zuba bayani. Tsohuwar amfilifaya, in ji shi, barin wuta take tana gudu a cikinta ko ana kiɗa ko ba a yi, kamar famfon da aka manta a buɗe, abin da bai zama sauti ba sai ya zama zafi. Aji D kuwa buɗewa take tana rufewa da saurin da kunne ba ya kamawa, ta ɗebi daidai abin da kiɗan ke bukata. Shi ya sa ba ta zafi, ba ta kuma bukatar tulin ƙarfen da zai sanyaya ta.

Maganar famfon ta soki Alƙali. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana farautar yoyo a titi, ashe a falonsa yoyo yake sa a yi wa layi a dafa.

Mai kanti ya jero guda uku. Ya fi tura ta farko, don kwalinta cike yake da manyan lambobi da taurari. Alƙali bai dubi kwalin ba. Ya ce a kunna ta ba kiɗa, ya tashi ya kara kunne jikin ƙaramar lasifikar sama, wadda ke fitar da siririn sauti. Ya ji wani sssss kamar iska na fita daga taya.

"Wannan yoyo take. Cire."

Ta biyu shiru take in ba kiɗa. Amma da ya ce a sauya mata lasifika, a ba ta manyan nan masu wuyar ja da ke ƙurya, sai sarewa ta koma usur, muryar mawaƙiyar ta yi kaifi tana yankan kunne. Ya ce ita ma a cire, abin da ke sauya hali in an sauya masa abokin zama ba abin ajiyewa a gida ba ne.

Ta uku ba ta da ado. Girmanta bai fi littafi mai kauri ba, makunni ɗaya, 'yar fitila ɗaya. Ya kara kunne, bai ji komai ba. Aka ba ta ƙananan lasifiku, aka ba ta manya, halinta ɗaya. Ya ce a rage murya ƙasa sosai, don kowane akwati ya iya ihu, a raɗa ake gane na kirki. A wannan raɗar ya ji mawaƙiyar ta ja numfashi kafin ta ɗauki baiti. Ya ji yatsan mai jita ya goga a kan tsirkiya. Ganga in ta buga sai ta tsaya cak, ba ta jan jela. Ya ce a ƙara murya har kwalayen kanti suka fara rawa, bai ji ta shaƙe ba. Ya ɗora hannu a kanta saboda sabo. Sanyi ƙalau.

"Wani jikana nake saya wa," ya ce, bai dubi mai kanti ba. "Naɗe ta a baƙar leda."

A gida ya haɗa ta da lasifikunsa, ya sa faifan da ya fi kowanne sani, wanda yake ji tun kafin aure. Ya zauna. Sai ga wani mai fiyano can baya a hannun hagu, wanda ashe yana cikin faifan tun fil azal, Ƙarfe ne ya danne shi. Alƙali ya ji idonsa ya kawo ruwa. Ya maimaita waƙar, ya sake maimaitawa. Zaɓe dai ya iya. Kunnensa mai gaskiya ne, bai taɓa cutarsa ba. Bakinsa ne maƙaryaci, kuma bakin ne ke da kujera.

Da ya tuna Asabar sai daɗin ya gudu. Ya hango Mai Taya ya ɗaga 'yar abar da yatsu biyu yana tambayar kifi. Ya hango Likita ya gyara riga ya zauna a tsakiya, shi kuma an tura shi kusa da ƙofa inda takalma suke. Mutumin kirki zai ce, jama'a, na yi kuskure, ku zo ku ji. Kalmomi ne da ba su kai nauyin cokali ba. Alƙali ya gwammace ya ɗauko sukundireba.

Ya kwance murfin Ƙarfe, ya ciccire kayan cikin da suka ƙone, ya bar matacciyar taransifomar da fukafukan saboda nauyi. A gurbin da ya samu ya kwantar da sabuwar, ya ɗaure ta da tsohuwar robar tayar keke, ya zura wayoyinta ta ramukan baya. Ya mayar da murfi, ya gwada ɗagawa, bayansa ya amsa. Madalla, akwai kaya a ciki. Ya kunna, kiɗa ya fito tas. Ya jira, ya ɗora hannu.

Sanyi kamar hancin kare.

Ya zagaya gidan yana neman abin da zai ba da zafi. Duk fitilun gidan an sauya su da sababbin nan da ba sa ɗumi, sai ɗaya da aka manta a banɗaki, tsohon ƙwai mai zare a ciki, irin wanda in ka taɓa shi yana ci sai ka yarfe hannu. Ya hau kujera ya kwance shi, ya haɗa masa mazauni da waya, ya kafa shi a cikin Ƙarfe dab da murfi. Da ya kunna, ba a jima ba murfin ya ɗauki zafi, har wani jan haske na leƙowa ta ramuka kamar garwashi.

"Malam," matarsa ta kira daga ciki, "wa ya cire ƙwan banɗaki?"

"Aro na yi."

Ta fito ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. Ta dubi sukundireba, ta dubi tulin ƙonannun kaya a kan jarida, ta dubi hasken da ke leƙowa.

"To, ka sa wa gawa riga, ka kunna mata fitila. Saura ka shafa mata turare."

"Ke ba ki san harkar nan ba."

"Ban sani ba kam. Ni dai na san ɗazu ka ji waƙa har ka yi hawaye, na gan ka ta labule. Me zai hana ka ce musu ga abin da ya sa ka hawaye?"

"In kika buɗe baki ranar Asabar..."

"Ni? Shayi kawai zan kawo. A cikin duhu zan yi wanka, don Alƙali ya yi shari'a."

Asabar ta zo, suka iso ɗaya bayan ɗaya. Likita ne ya fara shigowa, yana murmushin da yake yi wa mutum kafin ya ɗauko filaya.

"Alƙali, ranka ya daɗe. Na ji an ce an kai Ƙarfe asibiti. Mai gyaran nan majinyacina ne, ka san bakin da aka buɗe ba ya rufuwa."

"Mura ce. Ya warke."

"Mura? Ni ce mini aka yi sai addu'a."

"To ga shi nan. Ɗaga ka ji ko addu'a ce a ciki."

Likita ya sunkuya ya ɗaga, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya dire da nishi. Lauya ya ɗaga gefe ɗaya kawai, ya ce likitansa ya hana shi, amma ya shaida. Mai Taya, wanda ya saba da nauyi, ya ɗaga har ƙirji ya jinjina. "Kai! Wannan ko tayar tirela." Alƙali yana tsoron kada robar keke ta saki. Ba ta saki ba.

Aka kunna, aka jira. Jan haske ya leƙo.

"Wannan hasken fa? Da ba ya yi," in ji Lauya.

"Da ba ka lura ba ne," in ji Alƙali.

"Haka ne, haka ne. Yanzu na tuna."

Aka bi layi aka dafa. Mai Taya ya yarfe hannu yana dariya, ya ce yau Ƙarfe da fushi ya tashi. Alƙali ya zauna a kujerar tsakiya, ya sa faifan nan nasa, ya lumshe ido. Kiɗa ya cika falo, mai fiyano ya fito a hannun hagu, mawaƙiya ta ja numfashi.

Da waƙar farko ta ƙare sai yabo ya ɓalle. Lauya ya ce muryar kamar an shafa mata man shanu. Mai Taya ya ce gangar a cikinsa ya ji ta, ba a kunne ba. Likita ya zo ne da shirin ta'aziyya, ya tarar da biki. Tunda bai samu gawa ba, sai ya ga gara ya nuna shi ma yana da kunne, ya fi kowa ɗaga murya.

"Ku saurara, jama'a. Wannan ɗumin da kuke ji a muryar matar nan, wuta ce ta gaske ke bi ta ƙarfe na gaske. Ni ko a ɗaki na gaba nake, ko da auduga a kunnena, zan bambance shi da gwangwani. Gwangwani ƙara yake yi. Wannan numfashi yake."

"Ka faɗi gaskiya, Likita," in ji Alƙali.

Ana cikin waƙa ta uku aka ji ɗan ƙaramin sauti daga cikin akwatin, tas, kamar an karya tsinken ashana. Jan hasken ya ɗauke. Tsohon ƙwai ne, ya saba da iskar banɗaki, an kulle shi a akwati, ya yi iya yinsa. Kiɗa kuwa ya ci gaba yadda yake, ko gezau.

Lauya ne ya fara gani. "Alƙali, hasken ya mutu."

"Yakan yi haka. Ku saurari waƙa."

Likita ya tashi ya dafa murfin, ya bar hannunsa a kai. Jim kaɗan ya ɗaga gira. "Yana hucewa."

Mai Taya ya zo ya dafa. Lauya ya zo ya dafa. Suka koma kujerunsu, amma yanzu ba wanda ya lumshe ido. Lauya ya karkata kai.

"Ni ne kawai, ko muryar ta fara bushewa?"

"Ba kai kaɗai ba ne," in ji Likita. "Tun ɗazu na ji. Man ya tsane. Ji sarewar nan, ta fara cizo."

"Gangar ma ta rame," in ji Mai Taya. "Ta bar cikina."

Alƙali yana zaune a inda sauti ya fi fitowa daidai, da kunnen da ke jin ɗigon ruwa ta ƙarƙashin kwalta, kuma ya san ko ƙwayar zarra ba ta sauya ba. Mawaƙiyar tana nan da numfashinta, mai fiyano yana nan a hagu. Suka juyo gare shi su uku.

"Alƙali, kai ne mai kunne. Ka ji?"

In ya ce bai ji ba, ya rushe dokarsa da bakinsa. 

"Akwai ɗan abu," ya ce.

"Ɗan abu? Ƙarfe na mutuwa a gabanmu ka ce ɗan abu!" Mai Taya ya zaro tarin makullansa, a jiki akwai 'yar sukundireba. "Wata waya ce ta saki. Bari in duba, kafin ya ƙone gaba ɗaya."

"A'a, bar shi. Gobe zan kira mai gyara."

"Mai gyaran da ya ce sai addu'a?" in ji Likita, idonsa ya fara ƙyalli. "Buɗe, Mai Taya. Kada a kashe kiɗan, mu ga inda ciwon yake yana kan aiki. Mu ai 'yan'uwa ne, ba a ɓoye wa ɗan'uwa majinyaci."

Alƙali ya miƙa hannu, amma tsakanin kujerar tsakiya da tebur akwai tazara, kuma bayansa ya riƙe. Sukurori ma shi ya sassauta su da kansa a cikin makon, suna ganin sukundireba suka fito. Mai Taya ya ɗaga murfin.

Ga matacciyar taransifoma, baƙa ƙirin, wayoyinta a yanke. Ga ƙwan fitila ya yi duhu a ciki. Ga 'yar amfilifaya ɗaure da robar keke, 'yar fitilarta na ci, tana ta aikinta. Mawaƙiyar ta shiga baiti na gaba.

Daidai nan matar gidan ta shigo da tiren shayi. Ta dubi kawuna uku da suka sunkuya a kan akwati, ta ajiye tiren a hankali, ta koma bakin ƙofa ta jingina. Ba ta fita ba.

"Wannan ai gwangwani ne," in ji Mai Taya a hankali. Ya ɗago ya dubi Alƙali. "Irin wanda na mayar. Har kamfanin ɗaya ne."

Alƙali ya dafa hannun kujera ya fara tashi. Gara ya tashi da kansa kafin a ce masa tashi. Ya dubi Likita, yana jiran wuƙa. Kujerar tana gaban Likita, taku ɗaya, ba mai hana shi. Amma Alƙali ya ga murmushin ya tsaya masa a rabin hanya. Mutumin da ya ce ko da auduga a kunne zai gane gwangwani, ya yi wa gwangwani kirari a gaban shaidu, sannan ya rantse ya ji man ya tsane. In ya ce Alƙali maƙaryaci ne, ya ce kansa kurma. Lauya ma haka, da man shanunsa. Mai Taya ma haka, da gangarsa da ta rame. Rami ɗaya suka faɗa su huɗu, kuma ba mai iya fita sai ya taka kan kansa.

Lauya ya yi gyaran murya. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, nemo ƙofa a bangon da ba ƙofa.

"Ku dakata, jama'a. Kada mu yi gaggawa, mu bi shaida. Lokacin da ƙwan nan ke ci, sautin ya yi daɗi ko bai yi ba?"

"Ya yi," in ji Likita da sauri.

"Da ƙwan ya mutu, sautin ya lalace ko bai lalace ba?"

"Ya lalace. Da kunnenmu muka ji."

"Mu huɗu, har da mai gida. To me ya sauya tsakanin daɗi da rashin daɗi? Abu ɗaya ne." Ya nuna ƙwan da yatsa. "Gwangwani gwangwani ne, ba mu yi kuskure ba. Ciwonsa sanyi. Abin da bawan Allahn nan ya gano shi ne, in ka sa shi a gidan ƙarfe mai nauyi, ka ba shi ɗumi daga waje, sai ya warke. Bincike yake yi a ɓoye, mu muka yi masa kutse."

Likita ya saki numfashi kamar wanda aka cire wa ƙaya. "Shi ya sa! Ni fa na ji wani abu sabo a ciki, na rasa sunansa. Ɗumin fitila daban yake da na taransifoma, ya fi laushi."

"Ashe nawa ɗumi ya rasa," in ji Mai Taya, yana shafa ƙeya. Fushin da ya taso masa ya nemi wurin zama ya rasa. "Kai, Alƙali, ka iya ɓoye abu. Da ka bari mun mutu cikin jahilci?"

Likita ya kwance ƙwan, ya ɗaga shi sama yana dubawa kamar haƙorin da ya ciro. "To, ranka ya daɗe, a yi mana bayani. Wane irin ƙwai ya fi dacewa? Mai ƙarfi nawa?"

Alƙali yana nan rabi a tsaye rabi a zaune, hannu a kan kujera. Gaskiya tana bakinsa, gajeriya ce: ƙwan banɗaki ne, ba ya komai, ku zauna ku ji waƙa. Ya dubi ƙofa. Matarsa tana kallonsa, ba dariya a fuskarta, jira kawai take. Ya dubi fuskoki uku da suka ɗago gare shi, sun yi shiru, irin shirun nan da ba ya samu a ko'ina.

Ya koma ya zauna. Ya gyara riga.

"Mai sittin," ya ce. "Mai arba'in yana sa ganga ta yi sanyin jiki. Mai ɗari kuma yana ƙona muryar mace."

"Allahu akbar," in ji Lauya. "Ilimi kogi."

Nan take gardama ta kaure a kan ko ƙwai mai farin gilashi ya fi mai garau, da ko a tsaye za a kafa shi ko a kwance. Mai Taya ya ce ya san wani tsohon kanti da har yanzu ke da irinsu, zai kwashe duka kafin labari ya bazu. Likita ya ce shi biyu zai sa, ɗaya hagu ɗaya dama. Aka tambayi Alƙali, ya ce biyu ya halatta in dai ƙarfinsu ɗaya. Faifan ya kai ƙarshe, allura ta shiga zagayen banza tana ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ba wanda ya ji sai mutum ɗaya, shi kuwa yana tsakiyar bayani a kan gilashi, bai tashi ya ɗaga ta ba.

Matar ta zo ta dafa butar shayi da tafin hannu, ta ɗauke tiren.

"Ya huce," ta ce. "In ɗumama muku, ko shi ma a kunna masa fitila?"